Malam Jan Biro

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Turanci, kuma ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro ba, har sunan ya bi shi. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a sa "in" inda ya kamata a sa "on". Cewa yake ƙananan kalmomin nan su ne ƙusoshin jimla. Ko takardar asibitin marigayiya matarsa sai da ya yi mata gyara, likita na tsaye yana kallo.

'Yarsa ɗaya ce, tana aiki a wani gari mai nisa. Da can duk wata sai ta rubuto masa wasiƙa da Turanci don ta faranta masa. Shi kuwa sai ya zauna a teburinsa mai gurguwar ƙafa, ya zagaye kowane kuskure da ja, ya mayar mata da abarta ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ba. A ganinsa ƙauna ke nan. Wasiƙu suka riƙa gajarta, daga baya suka ɗauke ƙaf. Ta koma kiran waya na minti biyu: "Baba, ya jiki? To, madalla."

Shekara uku ke nan rabonsa da wasiƙarta. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ya rasa abin gyarawa sai tsofaffin jaridu.

Ran nan da hantsi maƙwabcinsa tela ya miƙo masa ambulan. Rubutun jikarsa ne, 'yar shekara takwas. Kafin ya kai ƙarshe ya hango kuskure bakwai, hannunsa har ya kai aljihu. Sai ya ga layi ɗaya da Hausa a ƙasa, rubutun uwarta: "Baba, don Allah kada ka gyara mata. Ka amsa mata kawai."

Ya birkice durowa kaf, duk biron gidan ja ne. Ya sa takalmi ya nufi kanti.

"Malam, ja ya ƙare fa," in ji mai kanti.

"Shuɗi nake so."

"Kai? Lafiya dai?"

Ya dawo ya shimfiɗa farar takarda, ya rubuta "Jikata". Daga nan hannu ya tsaya. Har rana ta bar tagar ɗakinsa yana zaune, bai san me ake cewa a wasiƙa ba idan babu abin gyarawa.