Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Tun ina sana'ar wake tsakanin Bawku da Yendi da Salaga, ba ni da abokin gaba kamar ƙwaro. Ka ɗinke buhu lafiya lau, kafin lori ta kai Salaga rabinsa ya koma gari. Saboda haka da yayana ya samo wani sabon iri daga wajen manoman da malaman gona suka raba wa, wanda aka ce ƙwaro ba ya zama a cikinsa, har guɗa na yi a tsakar gida.

Mma, mahaifiyarmu, ita ce ba ta yi murna ba. Tana da fararen zabi, jinin waɗanda uwarta ta ba ta a Salaga lokacin da za a kawo ta Bawku. Duk damina takan sa wa kaza ƙwansu ta ƙyanƙyashe. Mutane kan haƙo gara su ba 'ya'yan zabi, amma gwiwar Mma ta daɗe da hana ta shiga daji. Dabararta ita ce tankaɗen ɗakin ajiyarmu: ƙwaro da tsutsa da garin da suka bari. Abin da ke sa ni kuka, shi ke yi mata kiwo.

A shekarar nan ɓarayi suka kwashe manyan, sai ƙwan da ke ƙarƙashin kaza ya rage. Aka ƙyanƙyashe, Mma ta tankaɗe ɗaki, ba ƙwaro ko na rantsuwa. Sai ta daka fasasshen sabon waken nan ɗanye ta watsa wa 'ya'yan zabin.

Sun ci, wallahi sun ci. Maƙoshinsu cike, amma ba sa girma. Gashi ya tashi, fukafukai suka sauka, kullum da safe sai a ɗauke gawar wani. Ina ji ina gani, ban san abin da zan yi ba.

Na sa ɗan zabo ɗaya a cikin kwali na kai wa malamin gona. Ya juya shi, ya tambayi abincinsu, sannan ya ce:

"Hajiya, abin da ke cikin waken nan yana ɗaure cikin ƙwaro ne, ya ci ya kasa narkarwa. Ai har Turawa sun cire shi suna sa wa wasu shuke-shuke. To, bai san ƙwaro daban, ɗan zabo daban ba. Da an dafa waken, da abin nan ya mutu."

Muka dafa. Cikinsu ya riga ya lalace, ko kallonsa ba su yi ba.

Mma ta ce, "Ki samo mini wake mai ƙwaro. Shi suka gada."

Haka na bi kasuwar Yendi rumfa rumfa, ni da na ƙare rayuwata ina zagin ƙwaro. Wata mai awo ta riƙe baki, ta ce da Hausarta ta Yendi:

"Ei, Hajiya! Kowa yana gudun ƙwaro, kai kana neman shi? Kana lafiya?"

Sai a Salaga na samu wani tsohon buhu a bayan shago, yana motsi da kansa. Na rungume shi a lori kamar jariri, fasinjoji suna matsawa.

Na iske Mma a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Kazar tana yawo a tsakar gida, tana tona ƙasa tana kira, ba kowa a bayanta. Mma ta kwance bakin buhun, ta cusa hannu, ƙwari suka hau mata har gwiwar hannu.

Ta ce, "Masu kyau ne kuwa. Zuba wa kazar."