Sandar da Mai Saiti Ya Gitta

Yayana mai walda ne, shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, kuma a layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Saiti ake ce masa. Idan ya shiga gidanka ya ga ƙofa ta ɗan karkace, ruwan da aka kawo masa ba zai shiga maƙogwaronsa ba sai ya tashi ya duba ta. An taɓa raka shi dubiya asibiti, muka waiga muka gan shi a durƙushe yana gyara ƙafar gadon mara lafiyar.

Ni ne autan gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ina ajin firamare, Yaya ya ɗauke mu, mu biyar da uwarmu, bai taɓa cewa ya gaji ba. Sau uku yana kai ni shagonsa in koyi aiki. Da zarar na ɗora sandar walda na fara ja, layin ya ɗan yi gefe, sai in ji hannunsa a kan nawa.

"Kawo nan, Auta, za ka ɓata wa mutane ƙarfe."

Ni kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sai in koma kan benci in miƙe ƙafa. Haka na kai shekara talatin da takwas da haihuwa ina shagon, aikina amsa waya, sayo kayan aiki da rakiyar ƙofofi zuwa gidan masu su.

Abu ɗaya Yaya yake yi don kansa, shi ne ɗaga ƙarfe. A garejin gidansa, wanda mota ba ta taɓa kwana a ciki ba, ya ƙera abin da yake kira keji: turakun ƙarfe huɗu a tsaye, an huda su daga sama har ƙasa, tazarar kowace huda da 'yar'uwarta yatsa uku cif. Nan yake rataye sandar ɗagawa, ya jera mata faya-fayan da ya yanko daga tsofaffin injina. Kullum da safe sai ya yi zufa a nan kafin ya fita.

Wata Talata yana ɗaure noti sifana ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya koma gefe. Hawan jini ne, aka ce ya daɗe da shi. Mutumin da yake auna komai da tef bai taɓa auna jininsa ba. Ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo cikin wata biyu, bakin ma ya saki, amma hannun ya tsaya yana reto. Hannun nan kuwa shi ne shagon, shi ne tukunyar gidaje uku, don ba wani mai walda a wurin sai shi.

Likitar gashin ƙashin da aka haɗa mu da ita wata 'yar siririya ce mai magana ɗaya. Ta ce watannin farko su ne kasuwar wannan ciwo, wanda ya makara sai ya tarar an watse. Ta hana shi sandar ɗagawa, don kada ta faɗo masa a ƙirji. Ni ne na gano wasu hannayen ƙarfe guda biyu a waya, waɗanda ake maƙalawa a jikin turakun keji da ƙusa mai kauri. Kowanne yana lilo sama da ƙasa shi kaɗai, ko ka sake shi ba zai faɗo maka ba. Na nuna mata. Ta ce suna da kyau, ya fara da su ba nauyi, kowane hannu ya tura nasa.

Yaya ya zana su da hagu, wani da ya koyi aiki a wurinsa tun da daɗewa ya ƙera. Ranar farko ya zauna kan benci ya tura. Na hagu ya tashi har ƙarshe. Na dama ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, ya yi ta karkarwa, ya koma ya bugi turke. Matarsa tana tsaye bakin ƙofa, ta juya ta shige ciki.

Kwana bakwai ya yi a haka. Ciwon bai dame shi ba kamar ganin abin. Yakan zauna ya zuba wa hannayen ido, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

"Wannan ai ba aiki ba ne," ya ce. "Dubi abu kamar kunnen jaki, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance."

Rana ta takwas ya ce in ɗauko injin walda daga shago. Ya sa aka yanko bututun ƙarfe daidai tazarar hannayen, ya gitta shi a tsakaninsu. Ni na riƙe masa, shi ya yi waldar da hagu. Ban taɓa ganin mummunar walda irinta daga hannunsa ba, duk kashin kaji. Amma ta kama. Ya zauna ya tura, hannayen biyu suka tashi tare, saiti ɗaya. Ya yi dariyar da bai yi ba tun ranar Talatar nan, ni kuma na tafa masa kamar wawa.

Daga nan nauyi ya fara hawa. Kilo goma, ashirin, har arba'in. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa Mai Saiti ya dawo. Waɗanda suka kawo aiki shago suna kira ina ce musu su ƙara haƙuri, saura ƙiris. Idan muka je asibiti ya faɗa wa likitar abin da yake ɗagawa, sai ta ba shi yatsunta biyu ta ce ya matse. Ta ce maganarsa da hannunsa ba sa tafiya hanya ɗaya. Ya fito yana huci, wai yarinya za ta ƙaryata shi, ya fara tsallake ranakun zuwa.

Ni na tona asirin, kuma da fahariya na tona. Na ɗauki bidiyonsa yana turawa, na miƙa mata wayar don in rufe mata baki. Ta kalla, ta tsayar, ta ƙara girman hoton da yatsa.

"Wannan sandar ta tsakiya fa, wa ya sa ta?"

"Yaya ne," na ce, "don su riƙa tashi daidai."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

Ta ajiye wayar a hankali, ta dubi Yaya.

"Baba, hannunka na hagu ya samu lafiya ƙwarai. Na daman fasinja ne. Wata bakwai ɗan'uwansa yana ɗauke da shi, don me zai tashi? Wannan karkarwar da ka ƙi gani, ita nake nema."

Yaya ya dubi hannunsa na dama. Sannan ya tambaye ta, idan ya yanke sandar yau fa?

"Ka yanke ta, duk abin da aka samu riba ne. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce zai sake riƙe sandar walda ba."

Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ina jin haushinsa, mutum mai basira ya kashe hannunsa don kada ido ya ga karkace. Ina jin haushin kaina fiye da haka, don da kunnena na ji ta ce kowane hannu ya tura nasa, kuma ni na riƙe bututun. Masu aiki sun gaji sun kwashe ƙarafansu. Yanzu aski ake yi a shagon. Wani lokaci samarin layi masu ɗaga ƙarfe suna tambayata ko hannayen nan suna da amfani, su ma su ƙara a nasu. Nakan ce suna da shi, in dai mutum zai iya jure kallonsu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yammacin da muka dawo daga asibitin. Yaya ya wuce gareji kai tsaye, ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Injin nan ba ya riƙuwa da hannu ɗaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya miƙo min.

Na kunna, na ɗora a kan bututun. Faifan injin ya zame ya ci jikin hannun ƙarfen, ya bar masa tabo a karkace. Sai na ga hagunsa ya taso ta gefena.

"Kawo nan, Au..."

Bai ƙarasa ba. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya mayar da shi kan cinyarsa, kusa da wancan da yake kwance.

"Ci gaba," ya ce. "Ɓata shi."

Na ci gaba, hawaye suna hana ni ganin layin. Wannan kalma da ya faɗa min ita ina ɗan shekara goma sha takwas, da yanzu shagon yana buɗe.