Makokin Mutumin da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da baƙuwata, ƙanena ya yi sallama daga kasuwar dabbobi. Ya kira ni zaure. Ya ce ya haɗu da wani dillali ɗan garin su baƙuwar tawa, can ƙetaren iyaka, kuma dillalin ya rantse da shi aka binne mijinta, tun ranar da ƴan bindiga suka ƙone garin.

Cikin ƴan gudun hijira ta zo Dakoro, ita kaɗai. Mai unguwa ya raba su gida-gida. Ni mijina ya rasu, ɗaki babu kowa, sai na karɓe ta. Aiki take kamar ana korarta, barci kuwa sai kaɗan. Kullum ta kwashe tuwo sai ta rufe malmala guda a akushi, ko mijinta zai iso. In ta fara zancen ranar gudu, mu matan unguwa mu ce, "Haba, yi shiru, yana tafe." Iyakar lallashin da muka iya ke nan. Wata ma'aikaciya a gidan likita ta ce mana ba iska ba ce, damuwa ce, mu bar ta ta yi magana. To, ta ina za a fara? Ba a gaisuwar mutuwar da ba ta tabbata ba, ba a kuma shiga takaba a kan zato.

Da na komo daga zaure, hannunta na cikin gyaɗa. Ta ce, "Yaya, na ji. Zaurenku ba ya riƙe magana." Can ta ƙara, "Wa zai zo mini gaisuwa nan? Ba wanda ya san shi."

Washegari muka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika gidan. A zaman makoki akan faɗi alherin mamaci, mu kuwa ba mu da abin faɗi. Aka yi addu'a. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Ke ɗiyata, wane iri ne shi? Dogo ne, ko guntu irin tsohona mai faɗan tsiya?"

Ta yi ƴar dariya. Ta ce dogo ne, maƙeri, ba ya cin tuwo da zafi. Daga nan ta yi ta faɗi har la'asar, ba wadda ta katse ta. Ranar na fara ganin hawayenta. Ranar kuma ba ta rufe akushi ba.

Ta shiga takaba. Ta roƙe ni in ta fita in raka ta wurin dillalin, ta ji a wane gefen gari aka sa shi. Na ce to.

Zazzaɓin damina ya ɗauke ta kafin ta fita. Dillalin yana zuwa kowace kasuwa. Har yau ban je na tambaye shi ba.