Waƙar da Dogo Ya Hana Amshi

Mai gyaran agogon nan na layin tasha, wanda ake kira Dogo, a kan teburin aikinsa yake rubuta baitocin waƙa, gilashi maƙale a idonsa ɗaya. Ƙanensa, direban tasi, shi ke sa amshi, su hau dandamali tare. Zamanin kaset ne, lokacin da waƙa ke da tsarinta: baiti, amshi, baiti, amshi, ɗan sauyin murya a tsakiya, sannan a yi ta maimaita amshin har kiɗa ya dushe.

Dogo kan yi kwanaki yana goge layi guda. Ƙanen kuwa sai ya buga sitiyari da yatsu, ya furta kalmomin da ba su cika baki ba, kuma su ake rerawa a kasuwa. In baitin Dogo ya zo a rediyo, a nan mutane ke komawa hirarsu. Abin na cinsa. Burinsa a duniya ya ji kalmominsa a bakin jama'a.

"Yaya, a rage dogon turanci mana," in ji ƙanen. "Rawa suka zo, ba jarrabawa ba."

"Kai da jarrabawa ai ko gaisawa ba ku yi."

Sai Dogo ya tsara waƙa baitoci zalla, babu amshi, ya hau dandamali daga shi sai mai jita. Da ya kai ƙarshen baitin farko, jama'a suka ɗaga hannu, suka ja numfashi, suna jiran inda za su shiga. Ya zarce na biyu. Hannaye suka sauka, aka fara jan kujeru, na kusa da ƙofa suka miƙe.

Can baya sai muryar ƙanen ta tashi da tafi. Layi ɗaya ya tsinto daga baitin Dogo, "Ki dawo, fitila na kunne," ya yi ta nanatawa. Zauren ya karɓa. Dole Dogo ya riƙa dakatawa ƙarshen kowane baiti sai sun gama.

Washegari wani ya kawo gyaran agogo yana rera layin.

"Dogo, a gaida ƙanenka. Yaron nan akwai kai! Ina yake samo irin kalmomin nan?"

Dogo ya juya agogon, bai ko buɗe bayansa ba, ya miƙa masa.

"Ba na gyara irin wannan. Duba gaba."