Bakanike Mai Ɗanɗanon Mota

Wata mata ce tsaye bakin gareji tana jiran bakanike, don 'yar motar da ta aro wurin yayanta sai tsiyayar ruwa take yi. Bakaniken gajere ne mai furfura, tabaransa ɗaure da waya. Ko bonet bai buɗe ba. Yana durƙusawa ya dangwali ɗigon da yatsa, ya kai baki, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya tofar.

"Da zaƙi, Hajiya! Ruwan lagireto ne, tiyo ya tsage. Injin lafiya lau."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. A ranta tana cewa, ai matar wannan bawan Allah ta shiga uku duk ranar da gishiri bai ji ba.