Badaru, Mutumin da Ya Zare Makullin Motar Sabo

Kullum idan na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa, ina wuce Malam Badaru a gindin tsamiyar bayan filin ƙwallo. Kafin rana ta ɗaga ya riga ya yi sawu huɗu na ruwa daga rijiyar masallaci, ya jera bokitai, ya shanya tsummokaransa a igiya, na gilashi daban, na kujera daban, na ƙasa daban. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya yana jiran mota. Wata rana biyu su zo, wata rana ko ɗaya babu.

Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke cikin motoci a tashar garinmu, nan kan hanyar Bagwai. Yau wata takwas ke nan da aka kore shi. Ranar Asabar mai zuwa shugabannin tasha za su zauna su miƙa rumfarsa ga wani mai sayar da fetur a galan. In suka yi haka, Badaru ya bar tasha ke nan har abada. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

Mutumin birni ba zai gane aikin nan ba. Motar ƙauye ba ta zaɓen kaya. Jiya ta ɗauko taki da awaki, yau mai naƙuda, gobe gawa daga asibiti, jibi kuma ƙawayen amarya su shiga da sababbin atamfofinsu. Wa yake shiga tsakanin gawa da amarya? Badaru ne. A shekarar da amai da gudawa suka shigo mana, direbobi kan sauke mara lafiya su dawo su ajiye mota nesa, su tsaya suna toshe hanci. Shi ne zai ɗaure fuska da ƙyalle, ya shiga da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowa ya gani. Ladan da ya samu a wurinmu shi ne sunan da muka laƙaba masa, wai Mai Wankin Amai.

Aikinsa ba shafe-shafe ba ne. Yakan kwance kujeru gaba ɗaya, ya fito da su rana, ya bubbuge su da sanda, ya bi ɗinki-ɗinki da buroshi. Da ya yi niyyar sayen injin zuƙar ƙura, sai ya tafi Kano da gero cikin leda da yashi cikin gwangwani. Direban da ya kai shi ya ba mu labari. Duk shagon da suka shiga, sai Badaru ya shimfiɗa tsohon kafet ɗin mota, ya zuba geron da yashin, ya ce a gwada. Wani mai shago ya nuna masa wani ƙato mai ƙyalli. Badaru ya ce, "Alhaji, garinmu ba wuta. Ba ni wanda zai sha batirin mota, mai siririn baki da zai shiga ƙarƙashin kujera." A shago na bakwai ya samu, na hannu ne, marikinsa ma a ɗaure da waya. Har yau shi yake aiki da shi.

Haka yake da sabulun kujera. Duk wanda aka kawo masa, sai ya ɗiga a ƙasan kujera inda ido ba ya gani, ya jira ya bushe, ya ga ko ya ci launi. Sannan ya shafa a bayan hannunsa, ya shinshina. In ƙamshin ya yi yawa sai ya mayar, ya ce akwai abin da ake ɓoyewa. Dalilinsa ɗaya ne: jariri yana ɗora bakinsa a kan kujera.

Sai shekarun nan suka zo. Fetur ya yi tsada, fasinja ya ragu, direba ya fara ganin wuni ɗaya ba aiki kamar a raba shi da tuwon gidansa. Ban zargi kowa da wannan ba, duk mun ji a jikinmu. To amma kuɗin cizo bai san tsadar mai ba. Ya cika motar Sabo, wani direbanmu mai zuwa Bagwai, har mata suka fara gudun motar. Badaru ya ce masa ya bar ta wuni guda, a fitar da kujeru, a zuba musu tafasasshen ruwa, rana ta gasa su. Sabo ya ce ba shi da wunin da zai bayar.

Abin da ya yi shi ne abin da da yawanmu muke yi a ɗakunanmu. Ya sayo fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da muke fesa wa wake, ya tuttula a kujeru da sassafe, ya bi da turare don ya danne warin.

Ranar wata Talata ce cikin damina, ana yayyafi. Ni da matata Luba muna kujerar tsakiya, za mu kai 'yarmu Maijidda rigakafi, tana da sati shida a duniya. An rufe gilasai saboda ruwa. Na ji warin, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a raina turaren direbobi ne. A bayanmu Inna Mairo ce, mai kiwon kaji, da kwandonta na kaji biyar da za ta kai kasuwa.

Badaru ya zo wucewa da bokiti. Ya tsaya, ya leƙo ta tagar direba, ya ja numfashi sau ɗaya. Ya ce, "Sabo, me ka zuba a motar nan?"

Sabo ya ce, "Turare ne, Baba."

"Ba turare ba ne. Jama'a, ku fito. Mai jaririya, ke fara fita."

Ba wanda ya motsa. Sabo ya tayar da mota. Sai Badaru ya zura hannu ya kashe ta, ya zare makullin, ya jefa a aljihu.

A tasha babu laifin da ya kai wannan. Makullin direba ko shugaba ba ya taɓa shi sai da izini. Nan take wuri ya hargitse. Muka fito dole, muka fake a rumfa, Sabo ya rufe ƙofofi don kada ruwa ya jiƙa kujeru, aka tafi kiran shugaban tasha, Alhaji Ja'afaru. Ga abin da ya fi yi mini ciwo a labarin nan. Ni, malamin makaranta, mai koya wa yara tsabta a aji, ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce masa, "Kai Mai Wankin Amai, yaushe ka zama likita? In sanyi ya kama 'yata, kai za ka yi magani?" Bai ko kalle ni ba. Cewa kawai ya yi da Luba ta buɗe wa yarinyar fuska ta sha iska.

An kusa awa guda ana cacar baki kafin Alhaji Ja'afaru ya sa Badaru ya mayar da makullin. Inna Mairo ta je ɗauko kwandonta, ta ce ta fasa tafiyar. Ta buɗe ƙofa, sai muka ji salatinta. Kaji uku sun mutu, biyu suna kwance suna dalalar da miyau. Tafiyarmu zuwa Bagwai a irin wannan hanya da damina, awa guda ce.

Me kuke tsammani aka yi? Aka shiga ofis aka fito, aka ce zafin mota ne ya kashe kajin. Zafi, ana ruwan sama! Aka ce Badaru ya karya dokar tasha, ya kuma ɓata mata suna a gaban fasinja, don haka ya kwashe komatsansa. Sabo ko faɗa ba a yi masa a gabanmu ba. Mutum tara ne a motar nan, ba wanda ya buɗe baki, har da ni. Na ɗauki iyalina na koma gida, na ce wa kaina ba ruwana da rikicin tasha.

Malam Badaru, kai ma ka ji abin da hancinmu ya ji, amma kai kaɗai ka tsaya. Ka san dokar makulli fiye da mu duka, ka san abin da za ta jawo maka, ka zura hannu. Kai ne mai shiga inda muke gudu, ka fito mu ƙi ba ka hannu. Ba ka taɓa zama a aji ba, amma ranar nan kai ne malami, ni ne jahili.

Makon jiya na tattara kunyata na je wurinsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Malam Khalilu, tashi. Uba ne kai, ka ga ruwa, ka ga jaririya. Yaya mutuniyar tawa?" Na ce ta fara rarrafe, haƙoranta biyu. Ya yi dariya, ya ce to yanzu ne za ta fara cizon kujera. A lokacin kuwa kujerun wata mota ne a baje a rana yana bubbuga su. Na duba lambar motar, ta Sabo ce. A ɓoye ya kawo ta, ya kuma bar ta wuni guda.

Na gode maka, Badaru, a madadina da Luba, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar da ka wanke bai san kai ne ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ƙirji da ƙarfin baya. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je gindin tsamiya ku ga yadda ake yi. Direbobi, ku raba kujerunku da fiya-fiya, ku ba mota wuninta.

Ku kuma sauran da muka fito daga motar nan da ƙafafunmu, na san ku, kun san ni. Inna Mairo ta ce za ta zo. Sabo, kai ma ka san hanya. Ranar Asabar bayan Azahar zan kasance a ofishin tasha da Maijidda a kafaɗata. Zan zaunar da ita a kan teburin Alhaji Ja'afaru, in roƙe shi ya kalli fuskarta, ya sake faɗa mana cewa zafi ne ya kashe kajin.