Ishaya Tela da Amin na Huɗu

Duk wanda ya zauna Jega a shekarun da anka yanke muna jihar Kebbi ya san Ishaya Tela. In bai san shi da suna ba, to ya san shi da wari. Zan zo ga warin. Danga ɗaya ta raba gidana da nashi, shagonshi kuma na jingine da rumfar da nake facin taya, saboda haka abin da ban gani ba na ji, abin da ban ji ba na shaƙa.

Mutumin Zuru ne, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, irin wanda anka haifa don garma sai rabo ya ɗora shi bisa keken ɗinki. Ya baro gida da matarshi Rahila da keke guda mai hoton malam-buɗe-littafi a gefe, wai za shi Birnin Kebbi ya ɗinka wa sabbin ma'aikatan jiha kwat. Mota ta mace a Jega. Kafin a samo bakanike ya kafa kekenshi gindin bishiya, ya ɗinke wa direba wando, ya yi wa mai tuwo kalmasar zane. Bayan kwana uku mota ta tashi, shi bai tashi ba.

Kullum da safe nakan leƙa in ce, "Ishaya, manyan sakatarori na can tsirara suna jiran kwat."

Shi ko ba ya ɗaga kai. "Ka ce su ƙara haƙuri, Surajo. Ina bisa wandon wani mai faci, hudojinshi sun hi na rariya."

Haka muke, ba ranar banza. Hannunshi na da kyau, alkawarinshi ma ba laifi. In ya ce maka Talata, to Talata ce, sai dai ba ya faɗin ta wane mako. Shina taka keke shina waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, har na iya biyu ban sani ba, wata rana na kama kaina ina rera ɗaya ina buga wa taya iska.

Albasa ce ta shiga tsakaninshi da zaman lafiya. Ya ga mutanen Aliero suna sayen ta da arha lokacin cira, su aje ta wata biyar ko shida, su sayar, sai ka gan su bisa sabon babur. Ya ce shi ma ai yana da ƙafar hawa babur. Ya tafi wurin Alhaji Ɗantsoho, babban dillalin albasa a Aliero, ya ɗauko buhu ashirin bashi a kan naira dubu uku, biya bayan damina. Jinginar da ya sa ita ce keken nan.

To, ko akuyar Aliero ta san yadda ake aje albasa. Rudu ake yi mata: a kafa itace, a shimfiɗa kara sama da ƙasa, a zube ta, a rufa da ciyawa, iska na shiga ta ko'ina. Na faɗa mashi. Ya ce, "Dukiyar dubu uku in bar ta waje cikin kara? Kai ke nan da ba ka taɓa riƙe ɗari biyar taka ba."

Ya zuba ta a ƙuryar ɗakinshi mai rufin kwano, cikin buhunanta, bisa siminti. Ya lulluɓe da leda don kada sanyi ya taɓa ta. Ya toshe taga da ƙyallaye, abin da tela ba ya rasawa, ya danna kwaɗo. Wannan fa a zafin bazarar Jega, lokacin da ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya huta.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba na fara zargin ɗaya cikin awakina ta mutu a wani lungu. Na ƙirga, suna nan cif. Rahila ta zargi kwata. Ran da Ishaya ya buɗe ƙofar nan, wani baƙin ruwa ya biyo ƙafarshi har tsakar gida, ƙudajen unguwa uku sunka zo gaisuwa. Cikin buhu ashirin, abin da anka tsinta bai cika kwando biyu ba.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na raɗa mashi suna Sarkin Albasa. Kwana biyu ina kiranshi haka shina murmushin dole. A na uku bai buɗe shago ba.

Damina ta wuce keken na ƙara sama-sama, rana ɗaya aiki, rana uku shiru. Waƙa ta ɗauke ɗif. Ya daina zuwa coci, wai kowa kallon mai bashi yake yi mashi. Sai ga saƙon Alhaji Ɗantsoho: ran Alhamis da hantsi zai zo, ko kuɗi ko keke. Tun daga nan Ishaya ya kwanta bisa tabarma a shago, fuska ga bango.

Ran Laraba na shiga na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Albasa, talakawa na gaisuwa."

Bai juyo ba, sai na ƙara:

"Wandon nan nawa ya sake hujewa."

Sai ya ce, can ƙasa, "Surajo, in keken ga ya tahi, mi ya rage gare ni? Da wace huska zan koma Zuru? Gara ma ƙasa ta ruhe ni."

Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a baki ba. Na samu Rahila bakin murhu tana hura wutar da ba komai bisanta. Na ce wa yake jin maganarshi duk duniya? Ta ce sai Baba Iliya, mai bishararsu da ke Maiyama. Na rufe rumfa, na hau akori-kura.

Baba Iliya tsoho ne siriri mai farin gemu, an san shi da doguwar addu'a. An ce in ya sa wa tuwo albarka sai an sake ɗumama shi. Da na gama bayani ya dube ni ya ce, "Kai ne maƙwabcin nan mai baki?" Na ce ni ne. Ya ce, "To yau bakin ya yi rana."

Da safiyar Alhamis ya iso, ya zauna ƙasa kusa da tabarmar, ni ina tsaye bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ishaya, ɗana, juyo in ga huskarka. Albasa ce ta ruɓe, ba kai ba. Ubangiji bai sa ka cikin buhu ya ruhe da leda ba. Kai ne ka kulle kanka ɗaki ba iska, kuma ka ga abin da hakan ke yi ko ga albasa."

Ishaya ya ce, "Baba, na ji kunyar Allah. Kwaɗai na yi."

"Ka yi. Ya gani tun ran da ka sayi kwaɗon. Amma uban kirki ba ya korar ɗa don ya ɓarar da miya. Hannuwan ga biyu da ya ba ka, wa ya karɓe su jingina? Tashi mu durƙusa."

Sunka durƙusa su uku gaban keken, shi da Ishaya da Rahila. Baba Iliya ya runtse ido ya kama hanya. Ya gode don damina, ya gode don gero, ya roƙa wa Ishaya gafara da ƙarfin zuciya, ya ce, "Ka ɗaga kan bawanka, ya Uba, ka tuna mashi ba ka yar da shi ba." Kafaɗun Ishaya sunka fara rawa.

Ana cikin haka mota ta tsaya bayana. Alhaji Ɗantsoho ne, da babbar riga da igiyar ɗaure keke a hannu. Na yi mashi alama da ido. Ya tsaya gefena, don mutanenmu ba su yanke wa mutum addu'a, ko ta wane ce.

Shi Baba Iliya bai san an zo ba, bai ma taɓa ganin Alhaji ba. Sai kawai ya juyo da addu'a. "Muna kuma roƙo don bawanka wanda ya ba da bashin ga, wanda ya yarda da baƙo. Ka sa albarka ga albasarshi, ko ɗaya kada ta ruɓe."

Alhaji ya saki igiya ta faɗi bisa takalminshi, ya buɗe tafin hannu. "Amin."

"Ka tsare motocinshi a hanyar kudu, daga ɓarayi da faɗuwa."

"Amin!"

"Ka raya ɗiyanshi, maza da mata, su yi mashi biyayya."

"Amin, amin!" Yanzu har da lumshe ido.

"Ka ba shi zuciyar da ba ta raba talaka da abin da yake ci da shi."

"Amin ya Rab..."

Ya tsaya. Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi keke, ya dubi igiya, ya dube ni.

Na ce, "Mun ji, Alhaji. Mu huɗu, ban da mala'iku."

"Kai Surajo, kubce mani ya yi!"

"Na ukun farko ma kubcewa sunka yi? In za a maida, sai dai a maida duka, har da na albasa."

"A'a, a'a, bar na albasa inda yake!"

Sai munka ji wani sauti daga ƙasa. Ishaya ne, hawaye shaɓe-shaɓe, dariya ta ƙwace mashi har yana riƙe ƙafar keke. Baba Iliya dai bai fasa ba sai da ya kai ƙarshe cikin sunan Yesu, ya buɗe ido ya ce, "Wane ne wanga bawan Allah mai amsawa da ƙarfi haka?"

Alhaji ya zauna bisa bencina yana fifita da hula. Ya ce shi fa ba mugunta ba ce, manoman Sabiyal da sunka ba shi albasar suna bin shi kuɗi shi ma. Baba Iliya ya ce to bari a sa wannan ma a addu'a. Alhaji ya ɗaga hannu da sauri ya ce an gode, ta yau ta wadatar.

Ya daɗe shina kallon keken. Can ya ce, "In na ɗauke shi, mi zan yi da shi? Ni ko maɓalli ban iya sawa ba. Tela, kana facin buhu?"

Ishaya ya share fuska ya ce, "Ko wandon Surajo na yi wa faci, Alhaji, balle buhu."

Nan anka shirya. Duk yagaggun buhunan Alhaji na Ishaya ne, da ɗinkin Sallah na gidanshi, ɗiya goma sha bakwai. Shekara biyu cur ana cirewa kafin bashi ya mutu. Shagon ya koma warin albasa, amma wannan karon busasshiya, waƙa kuma ta dawo.

Har yau Ishaya na nan, bai kai Birnin Kebbi ba, bai hau babur ba. In ya sayi tsire sai ya ce a cire mashi albasa. Shi ko Alhaji Ɗantsoho, in ya kawo faci na ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji," ba ya amsawa nan take. Sai ya kafa mani ido ya ce, "Ƙarasa tukuna, in ji inda za ta."